Ɗan Haya a Gidan Birkila

Litinin, da hantsi

Ba wanda ya taɓa kujerarsa. Tana nan yadda ta juya ranar Alhamis da ya yanke jiki ya faɗi, fuskarta ga ƙofa, kamar wadda aka ce ta jira. Mai shara ta zagaye ta da tsintsiya ta wuce. Takalminsa na dama yana ƙarƙashin tebur har yanzu, da na hagu kaɗai suka fita da shi. Na yi niyyar sa shi a leda in kai wa iyalinsa, sai na ga kamar ba aikina ba ne. To aikin wa ne? Duk ginin nan ni kaɗai ke jin yarensa.

Manaja ya kira ni. Ya ce masu injin niƙa sun bugo waya, sababbin na'urorin da muka aika musu ranar Juma'a suna barin tsakuwa ta wuce cikin hatsi. Yana faɗa yana duba agogon hannunsa. Shi ya sa muke ce masa Agogo, ni da mai kujerar. Yanzu ni kaɗai ke ce masa haka, a zuci.

Talata, bayan la'asar

Maiɗakina ta sake tambaya ta a waya, wai takamaimai me nake yi a nan da ya hana ni zuwa in ga yara. Ta daɗe tana wannan tambayar, ni kuma ina ba ta amsar da ba ta ƙosar da ita. Yau na bi wata hanya.

Na ce mata akwai wani ɗan aisi, ɗan ƙanƙanin abu da ake sa wa a cikin na'ura, bai fi farcen babban yatsa ba, cikinsa fili ne fetal, ba komai. Birkila, sunan da mai kujerar nan ya raɗa wa kansa ke nan, shi ke zana gida a filin: ɗakuna, ƙofofi, lunguna, har da ƙwaƙwalwar da za ta yi tunani a ciki. Ba ƙwaƙwalwa ce da aka ƙera a masana'anta ba, zane ce kawai. In an kunna wuta, zanen ya sauka a filin ya zama gida, ƙwaƙwalwar ta buɗe ido. In an kashe, komai ya watse, fili ya koma fili. Ni kuma ina rubuta manhajar da ke shiga gidan ta zauna, ta gaya wa ƙwaƙwalwar abin da za ta yi. Shi ya sa yake kira na Ɗan Haya. Hatsi yana zubowa ta gaban kyamara kamar ruwan sama, ƙwaƙwalwar tana kallo, in ta ga tsakuwa sai ta sa a hura iska a fitar da ita gefe.

Ta ce ashe gidan gaske na bari na tafi gidan da ke rushewa kullum da yamma. Ta yi dariya. Ni ma na yi, don kada ta gane maganar ta zauna mini.

Ta tambayi jikinsa. Na ce da sauƙi. Ban je asibitin ba tukuna.

Laraba, da safe

Na'urar gwajin da ke kan teburina lafiyarta lau. Tun da na zo nake zuba mata hatsi da gangan haɗe da tsakuwa, ko ɗaya ba ta bari ta wuce ba. Can wurin masu injin kuwa, sun ce sai tana cikin aiki ta yi kamar mai gyangyaɗi, fitilarta ta ɗauke, ta dawo. A ɗan wannan ƙiftawar tsakuwa ke wucewa. Ƙwaƙwalwar ce ke faɗuwa ta sake tashi, ba tare da kowa ya taɓa ta ba.

Na daɗe ina kallon hatsin yana zuba. In ka ƙura masa ido sai ya daina sauka, sai ka ga kamar kai ne kake tafiya sama.

Alhamis, da rana

Alhamis ta zagayo. A tsaye na ci abinci, bayana ga ƙofa.

Juma'a, bayan la'asar

Na je.

Ɗaki ne mai taga ɗaya, tana kallon bayan wani gini. Matarsa na zaune a gefen gado tana ɓare lemo wanda ba mai sha. Yaya nake ce mata tun zuwana, ita ce ta ciyar da ni watannin farko kafin in san hanyar kasuwa. Ta ce in matso, yana ji.

Yana ji ɗin. Idonsa ya bi ni tun daga ƙofa. Hannun dama yana kwance a kan bargo kamar wani ne ya manta shi a wurin. Na gaishe shi, na ce masa ofis kowa na gaishe shi, wanda ƙarya ce, mai shara ce kaɗai ta tambaya. Bakinsa ya motsa ta gefe ɗaya. Na jira. Yaya ta ce likita ya ce a yi haƙuri, wataƙila maganar ta dawo, wataƙila.

A motar haya da nake dawowa na kama kaina ina jin haushinsa, mutum yana kwance. Shi ya kawo ni nan, gaskiya ne. Shi ya ce shekara ɗaya iyalina za su biyo ni, wannan ma gaskiya ne ya faɗa. Ƙaramata da na bari tana rarrafe yanzu ita ke karanta mini saƙon uwarta. Duk takardar da ta fita daga ofishin nan sunansa ne a sama, nawa in an ga dama a ƙasa. Kuma bai taɓa rubuta yadda ya gina komai ba. In na tambaye shi sai ya ƙwanƙwasa goshinsa ya ce, “Ɗan haya da tambayar tsarin gini? Ka zauna inda aka ba ka.” Yanzu ga shi duk suna cikin goshin, an kulle, makullin ya faɗa ciki.

Amma ban taɓa ganin mai gini irinsa ba. Wannan ma in rubuta, tunda ba mai karantawa.

Lahadi, da hantsi

Na yi mafarki ina cikin gidan. Ɗakunan ba rufi, hatsi yana sauka a hankali, ba ya taɓa ƙasa. Ina bi ɗaki ɗaki ina neman inda na ajiye takalmi. Duk ƙofar da na buɗe sai in tarar da ɗakin da na baro. Can na gaji na zauna a wani lungu, na jingina, sai wani ya kama kafaɗata ya girgiza. Ban ga fuskarsa ba.

Na wanke kaya. Ba su bushe ba. Rana a nan kamar ta aro ce.

Litinin, da dare

An dawo da ɗaya daga cikin na'urorin masu injin. Na ɗora ta a teburina, na kunna. Ba a jima ba ta yi gyangyaɗin a gabana. Na ji wani irin daɗi, kamar mai ciwon da likita ya yarda yana da ciwo.

Manhaja iri biyu nake haɗawa, kamar kowa a wannan sana'a. Akwai mai magana, wadda nake gwaji da ita: tana aiki tana turo mini bayani ta waya zuwa allon kwamfuta, na shiga nan, na gama can. Akwai marar magana, wadda ake cire wa duk surutun don ta yi sauƙi, ita ake sa wa na'urar da za ta fita. Da Birkila ne ke lodin manhaja a na'urorin da za su fita, da hannunsa, ba ya barin kowa. Ranar Juma'ar nan ba ya nan, ni na yi, bisa ƙa'ida.

Na cire marar maganar na sa mai magana, don in ji daga bakinta abin da ke kayar da ita. Sai ta ƙi faɗuwa. Tun azahar take aiki tana surutu, lafiya lau. Na mayar da marar magana, ta faɗi. Na mayar da mai magana, ta miƙe.

Cikin surutun akwai wani layi da na sa tun ranar da na fara aiki a nan, don wasa. Lokaci lokaci sai ta rubuta “ina nan”, da yarenmu, a tsakiyar lambobi. Ranar Birkila ya gani ya yi dariya har da tari, ya ce a bar shi. Yau na zauna ina kallonsa yana fitowa. Ina nan. Ina nan. Har aka kashe fitilun ofis.

Talata, da safe

Na gaya wa Agogo. Ya gane da sauri, ba jahili ba ne. Ya ce wannan sananniyar cuta ce: magana tana rage wa ƙwaƙwalwa gudu, in ta yi shiru ta saki gudu sai ta ci karo da wani bango da aka gina a karkace. Wato laifin gini ne. Ya tuna mini cewa zanen da ke cikin sababbin na'urorin shi ne na ƙarshe da Birkila ya yi, a kwanakin da yake ta dafe kai yana cewa fitila ta yi masa yawa.

Ban ce e ba. Ban ce a'a ba. Ni ma abin da na fara zato ke nan.

Laraba, bayan la'asar

Ya rufe ƙofar ofishinsa kafin ya fara. Ya ce akwai kamfanin da ke sayar da ƙwaƙwalwa shiryayyiya, da littafinta, da masu amsa waya in ta ba da matsala. In aka saya, ba a bukatar mai zanen gida, manhaja kawai ake bukata, ni kuma zan riƙe sashen. Ya ce mai riƙe da sashe kamfani kan sa masa hannu a takardun ɗauko iyali. Ya san inda zai taɓa. Ya ce ranar Litinin mai zuwa manya za su zauna, abin da ake so daga gare ni kawai in faɗi abin da na gani.

Na ce to Birkila fa. Ya duba agogo. Ya ce kwantiraginsa zai ƙare ƙarshen wata, ba za a sabunta wa wanda aka daina amfani da aikinsa ba. Gadon asibitin kuwa da sunan kamfani aka ba shi. Bai faɗi wannan ba, ni na sani, shi ma ya san na sani.

Ba mugu ba ne. Masu injin suna masa ihu a waya tun safe, ina ji ta bango. In da ni ne a kujerarsa ban san me zan yi ba.

Alhamis, da magariba

Akwai gwajin da ya kamata in yi. Na san shi. Akwai tsohuwar na'ura a sito, mai tsohon zane, wanda ya yi lokacin kansa garau. In sa mata marar magana in gani. In ta tsaya, sabon gini ne ya karkace. In ta faɗi, wani abu ne dabam.

Makullin sito yana rataye a bayan ƙofa. Na wuce shi da safe, na wuce shi da rana.

Juma'a, da safe

Ban gaya wa maiɗakina maganar takardu ba. Amma jiya na tsaya gaban wani shago ina kallon rigunan sanyi na yara, har mai shagon ya fito ya tambaye ni shekarunta. Na faɗa masa. Ya ɗauko wata ja. Na riƙe ta a hannu, ba nauyi, kamar ba komai. Na ce zan dawo.

Asabar, da hantsi

Mafarkin ya dawo. Wannan karon yara ne a ɗakunan, nawa, suna gudu, hatsi yana sauka a kansu suna buɗe baki. Na ce musu kada su saba, gidan haya ne, da yamma za a kashe wuta. Ba su ji ni ba. Muryata ba ta fita.

Asabar, bayan la'asar

Ban yi niyyar zuwa ba. Na hau mota don in je shagon nan, sai na ga na sauka a ƙofar asibiti.

Yana barci. Yaya ta ce in zauna, ta gaji da magana da bango. Ta ba ni lemo. Muka yi ta hira ƙasa ƙasa, ta gida, ta wanda ya mutu da wanda ya yi aure. Ta ce na rame, ta ce in maiɗakina ta gan ni haka za ta ce ita Yaya ba ta riƙe amana ba. Na ce ai tuzurun dole ba ya ƙiba. Ta ce tuzuru mai 'ya'ya uku, Allah ya shirye ni.

Sai ta kalle shi ta ce abin da ya fi damun ta ba hannun ba ne, shirun ne. Ta ce mutumin da shiru ke firgita shi, shi aka ɗora wa shiru. Na ce ban san haka ba, a ofis ai sai ya wuni bai ce uffan ba. Ta ce shirunsa ba ya damun sa, shirun wani ne ba ya iya ɗauka.

Ta ajiye wuƙar. Ta ce kafin yaran nan da na sani akwai na fari. Ta kwantar da shi da rana ta shiga wanka, shi yana ɗaki yana karatu, yana jin daɗi yaro bai yi kuka ba. Daga nan ba ta ƙarasa ba, ni ma ban nema ba.

“Tun daga ranar,” ta ce, “yaro bai isa ya yi barci a gidanmu cikin salama ba. Da ya ji ɗaki ya yi tsit sai ya tashi ya je ya girgiza shi. In ya yi kuka, sai ka ga ya sauke ajiyar zuciya. Na yi faɗa har na gaji. Babbar tamu har ta girma, in ta ji tafiyarsa sai ta ce, Baba ina nan, ba tare da ta buɗe ido ba.”

Na riƙe lemon a hannu. Ban san tsawon lokacin da na yi haka ba. Ta tambaye ni ko tsami ne da shi.

Lahadi, da safe

Ofis ba kowa. Mai gadin ƙofa ya buɗe mini yana mamaki.

Na ɗauki makullin.

Tsohuwar na'urar ta yi ƙura. Kafin in taɓa komai na haɗa ta da allo don in ga abin da ke cikinta, sai ga shi yana fitowa: ina nan, ina nan. Ashe duk shekarun nan mai magana yake sa wa na'urorin da ke fita. Suna can a injinan mutane suna faɗa wa iska suna nan, da yaren da ba mai ji. Na cire ta na sa marar magana. Tsohon gini, wanda ya yi lokacin kansa garau. Ba a jima ba ta faɗi, ta tashi, ta faɗi.

Daga nan na buɗe zanensa, abin da ban taɓa yi ba sai in an tilasta ni, don kallonsa kamar leƙa ɗakin mutum ne. Na bi wayar magana tun daga bakin ƙwaƙwalwa. Kafin ta fita waje, a wani lungu, akwai ɗan akwati da ba shi da suna. Kunnensa a kan wayar, hannunsa a kan igiyar da ke tayar da ƙwaƙwalwa daga farko. Aikinsa ɗaya ne. Yana saurare. In ya ji magana ya koma ya zauna. In shiru ya yi tsawo, ya ja igiya.

Kowa a sana'ar nan yana sa irin wannan mai gadi, amma ana ba shi ƙofarsa dabam, a gaya wa mai manhaja ya riƙa ƙwanƙwasawa. Ba wanda ke ɗaura shi a kan magana. Ba wanda zai yi haka sai shi.

Na zauna a kujerarsa. Ban lura ba sai da na zauna.

Lahadi, da la'asar

Ba wanda ya ga na shiga sito sai mai gadin ƙofa, shi kuma bai san bambancin aisi da ƙwayar wake ba. In na faɗi abin da na gani ranar Litinin da ta wuce kawai, ban yi ƙarya ba. In ta yi magana ta tsaya, in ta yi shiru ta faɗi. Kowace kalma gaskiya ce.

Na bi ta gaban shagon. A rufe yake. Jar rigar tana jikin gilashi, hannuwanta a buɗe.

Shekara nawa yana kira na ɗan haya a gaban baƙi.

Litinin, da asuba

Ban yi mafarki ba.

Litinin, bayan azahar

Na shiga da na'urori biyu a hannu, tsohuwa da sabuwa, na ajiye a tsakiyar teburin manya, tsakanin kofunan shayi. Agogo ya kalle ni, ya kalli na'urorin, ya daina duba hannunsa. Na kunna su duka da marar magana, suka faɗi tare kamar tagwaye. Na sa musu mai magana, suka miƙe tare. Na nuna musu ɗan akwatin a allo. Ban ba su labarin yaron ba, ba nasu ba ne.

Babban cikinsu ya tambaya, to laifin wa ke nan.

Na ce, “Laifinsa shi ne bai rubuta ba, bai kuma gaya wa kowa ba. Wannan laifi ne, in ya tashi ni zan fara gaya masa. Amma ginin ba inda ya karkace. Na ƙarshen da ya yi ya fi na farkon kyau. In kun zubar da shi, lafiyayyen abu kuka zubar.”

Suka yi ta magana da yarensu da sauri, ina tsintar rabi. Gyaran bai fi aikin yini ɗaya ba, sayen sabuwar ƙwaƙwalwa kuwa sai a sake komai daga tushe. Wannan ne ya ja hankalinsu, ba wani abu ba, ban kuma zarge su ba. Aka ce za a ci gaba da gininsa. Tunda gininsa ne kuma ba wanda ya san cikinsa, za a sabunta masa kwantiragi, a ga abin da likitoci za su ce. Ni kuma an ɗora mini in bi gidan ɗaki ɗaki in rubuta komai, in riƙa zuwa asibiti ina tambayarsa, ko da kai ne ya amsa.

Sashe yana nan a hannun mai shi, Birkila. Ba wanda ya ambaci takardu.

A baranda Agogo ya tsayar da ni. Ya ce ko na san abin da na ajiye a teburin nan kuwa. Na ce na sani, na'urori biyu ne, zan dawo in ɗauka. Ya kusa yin dariya. Ya ce layin nan na yarenmu, ko ɗigo ɗaya aka sa a madadinsa ai mai gadin cikin zanen zai ji. Na ce haka ne. Ya jira. Na ce zan duba.

Talata, da magariba

Na gaya mata duka, har da rigar. Ta bari sai da na gama. Sannan ta ce da ban gaya mata rigar ba. Ta ce mutumin da ya cinye mini shekaru shi na je na tsaya wa. Na ce shi ne. Ta ce ta san wanda ta aura, ba yau ta fara biyan kuɗin halina ba. Muryarta ba daɗi, ban kuma ce ta yi daɗi ba, tana da gaskiya.

Kafin ta ajiye ta ce ƙaramar tana tambaya wane launi ce. Na ce ja. Ta ce to in saya in aiko, sanyi ai ba a can kaɗai yake ba.

Laraba, da rana

An mayar wa masu injin na'urorinsu. Ban sa ɗigo ba.

Alhamis, bayan la'asar

Na kai takalmin a leda. Yaya ta buɗe ta gani, ta ce ita da ta zaci abin arziki na kawo. Ta ajiye shi a ƙarƙashin gado kusa da ɗan'uwansa, ta daidaita su, bakinsu ga ƙofa. Sannan ta ce tunda na zo bari ta je ta ga yara ta dawo.

Na ja kujera. Na gaya masa na shiga gidansa ba sallama, na ga mai gadin da ya ɓoye a lungu. Na ce masa wannan aikin banza ne, ko ɗan koyo ba zai ɗaura mai gadi a kan magana ba, kuma saura kaɗan ya kore mu duka daga gidan. Idonsa yana kaina. Gefen bakin da ke motsi ya ɗan ɗaga. Na ce kada ya yi mini dariya, na zo da tambayoyi cike da jaka, zai amsa su ɗaya bayan ɗaya ko yana so ko ba ya so, zamanin ƙwanƙwasa goshi ya wuce.

Na fara da ɗakin farko. Ya gyaɗa kai. Na biyu, ya girgiza. A na uku ya lumshe ido, na ce to mu huta.

Ɗakin ya yi ɗumi. Hasken tagar ya sauko a kan bargo, launin hatsi. Na jingina da bango, na ce bari in rufe ido kaɗan. Ban san na tafi ba. Ina cikin gidan nan marar rufi, komai yana sauka a hankali, ba na neman komai, sai na ji an kama gwiwata ana girgizawa.

Hannun hagu ne. Ya miƙo shi ta tsakanin ƙarafan gado, ya riƙe ni da ƙarfi, idonsa a buɗe tar, yana kallon bakina.

Na ce, “Ina nan, Birkila.”

Ya sake ni, ya sauke ajiyar zuciya.